Shari'ar Kuɗi Ce, Malam, Ba Ta Rai Ba

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar da nake shirin rediyo ka bugo waya ka ce, "Wai da gaske ne kotun Amurka ta halatta lalata ɗan tayi saboda bincike?" Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Ba haka aka yi ba. Rigimar a kan kuɗin gwamnati ce.

Tayin da ake magana ɗan kwana biyar ne, bai kai ɗigon biro ba. Yawanci ragowar waɗanda aka haɗa wa ma'aurata masu neman haihuwa ne a asibiti, aka daskarar. Daga cikinsa ake ciro ƙwayoyin asali, masu iya rikiɗa su zama na zuciya, na ido ko na ƙwaƙwalwa, kuma in an ciro su tayin ya tashi aiki. Tun 1996 dokar Dickey-Wicker ta hana kuɗin tarayya shiga binciken da ake lalata tayi a cikinsa. Mai yi da kuɗinsa kuwa, ba ruwanta da shi.

A Agustan 2001 Shugaba Bush ya ce gwamnati za ta biya aiki ne kawai a kan ƙwayoyin da aka riga aka ciro. Abin ya kai wasu ɗakunan bincike suna manna takarda a jikin firji da na'urori, don a bambanta na kuɗin gwamnati da na masu zaman kansu. Obama ya sassauta a Maris 2009.

Nan ne masana biyu, James Sherley da Theresa Deisher, suka kai ƙarar gwamnati, suna cewa wannan sassauci ya saɓa wa dokar 1996. Ka ji abin da ya ba su damar shiga kotu: su da ƙwayoyin jikin manya suke aiki, to za a riƙa raba musu tallafi da kishiya. A Agustan 2010 Alƙali Royce Lamberth ya dakatar da biyan kuɗin. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarni a 2011, ta ce kalmar "bincike" a dokar tana da harshen damo: ciro ƙwayoyin daban, aiki da su bayan nan daban. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren maganar a Janairun 2013.

Ni dai wannan fassara ba ta kwanta mini ba, ko da yake ina son binciken ya ci gaba. Kamar mutum ne ya ce shi bai yanka ba, nama kawai ya saya. Da 'yan majalisa sun fito fili sun faɗi abin da suke nufi, da ya fi. Maimakon haka, kowace shekara sai su sake cusa dokar 1996 cikin kasafin kuɗi yadda take.

Batun yaushe ake hura rai kuwa, wanda na san shi ke ranka, alƙalan ko taɓa shi ba su yi ba. Wannan sai dai ka kai wa malamanmu na fiƙihu.

Wassalam.