Godiya ga masu gyaran jirgi na Braunston, da suka hana ni sayen sabon murhu

Zuwa ga maigidan garejin jiragen ruwa da ke bakin ruwa a Braunston, da yaran aikinsa,

Gaisuwa mai yawa. Na riga na yi muku godiya baki da baki, wannan kuma na rubuta ta da Hausa ne don 'yan'uwana da tsadar haya ta fara turawa zama cikin jirgi a Ingila, kamar yadda ta tura ni.

Gidana siririn jirgi ne na ƙarfe, faɗinsa mita biyu da ɗan ɗoriya, irin waɗanda ke jere a hanyar ruwan Grand Union. Abin ɗumama shi murhun dizal ne mai ɗigo: mai na ɗiga cikin kasko, ya ci wuta, hayaƙi ya bi bututu ya fita ta rufi. Wani daren hunturu ina tsakiyar barci ƙararrawar kabon monoksaid, wato iskar guba marar wari da wuta ke fitarwa in ba ta ci da kyau ba, ta ɗauki kuka. Na tashi na tarar ɗaki ya turnuƙe, wuta ta mutu, kunkunniya ta sauka kan komai, har farar rigar da na goge don Juma'a. Sau uku aka yi haka cikin mako guda. Na yanke cewa murhun ya gama yayi, na zo muku da kuɗin sabo a aljihu.

Maigida, ba ku ko kalli kuɗin ba. Kuka ce a fara ganin jirgin tukuna.

Abin da ba zan manta ba shi ne tsinken da kuka kunna, kuka hure, kuka riƙe a bakin murhun. Hayaƙinsa ya miƙe ya shige ciki salin-alin. Sai kuka sa yaronku ya kunna fankar da ke zuƙe tururin girki, nan take hayaƙin ya juyo ya nufo fuskata. Daga nan kuka durƙusa gindin ƙofa, kuka zaro tsummokaran da na cusa a kafofin shan iska don tsoron sanyi, ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwar safa. Kunya ta kama ni. Ashe ni na toshe wa wutar hanci. Fanka na fitar da iska, babu inda wata za ta shigo, to ta ina za ta biyo in ba ta bututun ba?

Sauran laifin na bututun ne. Wanda na sayi jirgin a hannunsa ya gajarta shi saboda gadojin hanyar ƙasa-ƙasa suke, kuma ƙarfe ne falle ɗaya. Kun fahimtar da ni cewa zafi da tsawo su ke ja wa hayaƙi gora: in bututu ya yi gajarta, ko sanyi ya ratsa shi, jan ya yi rauni, iska kaɗan ta bugo gefen jirgi ko ta faɗo daga kan bishiyoyi sai ta danna hayaƙin ƙasa. Kuka sa mini mai riɓi biyu wanda ke riƙe zafi, dogo na lokacin da jirgin ke ɗaure a gaɓa, da hula mai siffar H a kansa, kuka ce in riƙa mayar da gajeren in zan yi tafiya. Kuka kankare gawayin da ya daskare a kaskon, wutar da na saba gani rawaya ta koma shuɗiya.

Gargaɗinku ɗaya ya fi tsaya mini a rai: in iska ta kashe wutar, mai bai daina ɗiga ba, don haka a rufe shi, a bar kasko ya huce sarai, a tsane man da ya taru kafin a sake kunnawa. Ni kuwa da ashana nake rugawa kansa yana da zafi. Allah ne kawai ya tsare.

Mu da muka taso muna jin labarin iyalan da hayaƙin janareto ko kaskon gawayi ya kashe a ɗaki rufe, bai kamata a ce sai an koya mini wannan ba. Ƙararrawar ma, da masu tsarin duba lafiyar jiragen ruwa, wato Boat Safety Scheme, ba su wajabta ta a watan Afrilun 2019 ba, ban tabbata zan saya ba. Kun duba tawa, kuka matsar da ita kusa da inda nake sa kai.

Kuɗin da kuka karɓa bai kai kusa da na sabon murhu ba, ga shayi da aka ba ni ina jira. Jiya an kwana ana iska mai ƙarfi, jirgi na ta gogar gaɓa, wutar ko gezau.

Allah Ya ƙara wa sana'a albarka, Ya kawo kasuwa.

Naku,
Bakatsinen da ya zo da tsummokara a ƙofa