Iyaye, gidan aboki ma da guzuri ake zuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni ɗalibi ne a Masar, shekarata ta uku ke nan a Alƙahira. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyayenmu na gida, har da 'yan'uwana ɗalibai, a kan abin da ya same ni a hutun tsakiyar shekara da ya wuce.

Hutun nan mako biyu ne, daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Ba wanda zai yanki tikitin Kano saboda kwana goma sha huɗu, balle a wannan zamani da naira ta durƙusa, fam ɗin Masar ma ya bi sahunta. A watan Maris na 2024 dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini ɗaya, kayan masarufi suka bi ta sama, har yau ba su sauko ba. Don haka abin da muke yi shi ne ziyartar juna. Na Alƙahira ya leƙa Mansura, na Mansura ya gangara Iskandariyya, a sauka a shaƙƙar aboki, wato gidan hayar da yake zaune, a baje katifa a ƙasa.

Da na gaya wa Baba zan je Mansura wajen abokina da muka yi sakandare tare, cewa ya yi, "To ai kuɗin mota kaɗai kake buƙata, tunda wajen ɗan'uwa za ka sauka." Ban yi musu ba, don ni ma haka na ɗauka. Na hau mikrobas, wato ƙaramar bas, a tashar Abbud, daga ni sai jakar baya da carbi.

Abokin nan nawa likitanci yake karantawa, su uku ne a shaƙƙa mai ɗaki biyu. Tarbar da ya yi mini, ko ango sai haka. Daren farko ya tuƙa tuwon shinkafa, ya kaɗa miyar kuka da daddawa da man shanu, abin da na yi wata bakwai ban sa a bakina ba. Wanda bai taɓa shekara yana cin ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Masarawa, safe da yamma ba, ba zai gane me ƙamshin daddawa ke yi wa mutum a wata ƙasa ba. Washegari kaza. Rana ta uku ya kai ni Gidan Ibn Luƙman, inda aka tsare Sarkin Faransa Louis na Tara bayan an kama shi a 1250, ya biya mana kuɗin shiga, da yamma muka zauna bakin Nilu ya sayi shayi da masara gasasshiya. Duk sanda na kai hannu aljihu sai ya riƙe ni, "Haba mutumina, a garina?" Kwana uku na ce zan yi. Na yi shida, kuma kullum shi ke cewa in ƙara.

Ranar tafiya, shi yana asibiti, sai ɗaya daga cikin abokan zamansa ya raka ni tasha. Muna tsaye muna jiran mota ta cika ya ce, "Malam, zan faɗa maka magana, amma kada ta koma." Ashe wata biyu ke nan ba a turo wa abokina ko sisi daga gida ba, kasuwar mahaifinsa ta ja baya. Kazar da na ci, da bashi aka saye ta. Kukar nan kuwa ragowar wadda mahaifiyarsa ta aiko ce, yana lallaɓa ta don ta kai shi azumi, na zo na share ta a kwana shida ina santi. Ban san lokacin da motar ta fita daga Mansura ba, kunya ta rufe ni.

Da na isa Iskandariyya wajen wani abokin, na ƙudura ba zan maimaita ba. Tun ranar farko na shiga kasuwa na sayo kifi da shinkafa da mai, na dire a gabansa. Ai kuwa sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ni za ka ci wa fuska? Otel ka zo?" Ya wuni bai sake mini fuska ba. Sai da muka je masallacin Imamu Busiri, mai Burda da muka taso ana rerawa a unguwa, muka zarce ganuwar Ƙaitbai ruwan sama na dukanmu, sannan ya huce. Daga nan na sake dabara. Na ga tukunyar gas ta kusa ƙarewa, na sami mai gadin gidan a keɓe na biya shi ya sauya ta. Safiya kuma ni ke riga kowa tashi, in ce zan miƙe ƙafa, in dawo da burodi da ƙwai. Wannan bai ce komai a kai ba, ko bai lura ba, ko ya lura ya kau da kai.

Ga roƙona ga iyaye. Idan ɗanku ya ce zai yi hutu a wajen aboki, kada ku rage masa kuɗi, ku ɗan ƙara ma in da hali. A gida, baƙo a gidan magidanci yake sauka, akwai rumbu, akwai uwargida, ƙarin baki ɗaya ba ya girgiza tukunya. A nan kuwa mai masaukin ɗalibi ne kamar ɗanku, yana ƙirga kwanakin wata da yatsu, kuma tarbiyyar da kuka ba mu ba za ta bar shi ya ce babu ba. Idan kuka sami mai tahowa, ku ƙulla kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa kashi biyu, ku ce ɗaya na masu masauki ne. Tsarabar uwa ba wanda zai mayar, ko ya kai kowa zuciya.

Mu ɗalibai kuma, "ƙara kwana" da mai gida ke faɗa ba kullum ake amsa ta da "to" ba.

Ni dai na kira Hajiya na ba ta labari tiryan-tiryan. Ta yi salati, ta yi mini faɗan da na kwana biyu ban sha irinsa ba. Makon jiya wani da ya dawo daga Kano ya kawo mini ƙullin kaya, an rubuta "Mansura" a jikin leda da rubutun ƙanwata. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan kai masa, in juyo a ranar.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wani ɗalibi,
Madinatu Nasr, Alƙahira