Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Muhalli: a duba masu cin bakteriyar ƙasar Ogoni

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, kan aikin tsabtace ƙasar Ogoni ta jihar Ribas da HYPREP, shirin gyara ƙasar da malalar ɗanyen mai ta gurɓata, ke yi a ƙarƙashin ma'aikatarka nake rubuto maka.

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce sinadarin benzin (wata guba da ke cikin ɗanyen mai) da ke ruwan rijiyoyin Nisisioken Ogale a ƙasar Ogoni ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, kuma gyara zai ci shekara 25 zuwa 30. Babban ɓangaren gyaran nan bakteriyar cikin ƙasa ke yin sa, irin su Pseudomonas da Rhodococcus. Ɗanyen mai abincinsu ne. Namu dai mu juya ƙasa ta sha iska, mu zuba mata taki.

To, su ma bakteriyar suna da masu kama su: wasu bairos da ake kira bakteriyofaj, waɗanda aka gano tun 1915 da 1917. Ba ruwansu da mutum. Wani ya shiga cikin bakteriya ya hayayyafa har ta fashe. Wani kuwa ya lafe cikin ƙwayoyin gadonta, ranar da zai fita ya kwashi wani yanki ya kai wa wata, har da yankin da ke ba ta ikon narkar da mai. Ke nan bairos na iya karkashe ma'aikatan fili guda, a wani filin kuma shi ke yaɗa sana'ar. Idan fili ya ƙi warkewa, ɗan kwangila zai ce taki ne ya yi kaɗan, alhali ba wanda ya duba ko bairos ne.

Roƙona, a sa binciken waɗannan bairos cikin gwajin ƙasa da ruwa, kuma cibiyar bincike da rahoton ya ba da shawarar kafawa a Ogoni ta samu na'urar karanta ƙwayoyin gado, ɗalibanmu su riƙa aikin a gida.

Sai Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a Nuwamban 2022. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A ɗebi samfurin ƙasa da ruwan rijiyoyin ƙauyukan wurin yanzu a adana, domin ranar da mai ya malala a san abin da ke cikinsu tun farko.

Naka,
Wani malamin kimiyyar ƙananan halittu