Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarki Kan Cutar Da Ke Kashe Dawakai

Zuwa ga Mai Martaba Sarki, ta hannun Shamaki.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu masu dawakai da masu kula da barga a wannan masarauta, gaisuwa muke da ban girma. Bayan haka, kuka muka kawo kan cutar da ke ɗauke mana dawakai duk ƙarshen damina, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar dawakin Afirka.

Ranka ya daɗe, doki zai ci harawarsa lafiya lau da yamma. Kafin asuba jikinsa ya ɗau zafi, yana haki, ya wage ƙafafun gaba ya miƙa wuya yana neman iska, can sai kumfa ta ɓalle masa ta hanci ya faɗi a turke. Wani kuma kogon da ke saman idonsa ne zai cika ya kumbura, kumburin ya gangaro kai da wuya, ya yi kwanaki yana jin jiki. Likitoci sun ce cikin dawakai 10 da suka kamu ba tare da rigakafi ba, 7 zuwa 9 ba sa tashi, kuma babu maganin da ke kashe ƙwayar. Jiƙon kanwa da alluran kemis da wasunmu ke ɗirka musu asarar kuɗi ce kawai, zargin sammu kuwa ya raba maƙwabta a banza.

Doki ba ya shafa wa doki. Wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari ne, ba su kai sauro ba, ke tsotsar jinin mai ciwo su kai wa mai lafiya. A ƙasa mai laima da ta cakuɗe da kashin dabbobi suke hayayyafa, daga magariba zuwa wayewar gari suke cizo, kuma gidan sauro na yau da kullum ba ya tare su. Jaki yakan ɗauki ƙwayar ba tare da ya kwanta ba, ga shi muna ɗaure shi gab da doki.

Babbar buƙatarmu rigakafi ce. Ƙwayar iri 9 ce, allurar da aka fi sani kuwa a Afirka ta Kudu ake yin ta, kuma sau biyu ake yi wa doki, mako uku a tsakani. Ta fi ƙarfin mai doki ɗaya, kuma in ba a ajiye ta cikin sanyi ba ta tashi aiki. Muna roƙon Sarki ya sa baki wurin ma'aikatar kula da dabbobi ta jiha a samo ta a dunƙule, a yi wa dawakan fada da na hakimai da na talakawa lokaci guda, da rani, sa'ad da ƙwarin suka ja baya. Kuɗin da ya hau kanmu za mu biya.

Sai maganar baƙin dawakai. Ana gab da hawan sallah dillalai ke shigo da su daga kasuwanni nesa da kusa, wasu ma aro ake yi, ba mai duba lafiyarsu. A sa likita ya duba kowanne kafin ya shiga barga. A kuma umarci dagatai da masu unguwanni su riƙa kai rahoton dokin da ya mutu haka, don a ɗebi samfur a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato. Yanzu ɓoyewa ake yi, don kada sauran dawakan mutum su faɗi a kasuwa.

Idan Sarki ya ba da izini, a yi shela cewa a kwashe taki daga bakin barga, a cike kwatami, a shigar da dawakai ɗaki tun kafin faɗuwar rana. In umarnin ya fito daga fada, ba wanda zai ƙi bi.

Allah ya taimaki Sarki.

Masu biyayya,
Masu dawakai da masu kula da barga na masarauta