Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Yadda Ake Kashe Kuɗin Makarantun Firamare

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu iyayen yara da 'yan kwamitocin kula da makarantu na wannan gunduma muna gabatar maka da wannan koke, tare da roƙon ka isar da shi ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da Sakataren Ilimi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, ta kuma ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata rabin kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Ga shi kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Saboda haka muna ganin muna da hurumin tambayar inda ɗan abin da yake isowa yake tafiya.

Abin da ya fi damunmu shi ne fifita aikin da ake hange daga bakin titi. Sai a shafa wa katanga fenti, a gina ƙofar shiga, a kafa allon ɗan kwangila, alhali a ciki iska ta yaye kwanon aji tun damina, yara suna zaune a ƙasa, 'yan mata kuma ba su da bayan gida, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa uwa ta zaunar da 'yarta a gida. Kwanon da ba a gyara bana ba, baɗi katako da silin zai lalata, a dawo ana biyan ninkin abin da aka ƙi kashewa. Haka nan kujerun da ake kawowa daga nesa ba sa kai zango guda, bayan muna da kafintocin da za su yi masu ƙwari a farashi mai sauƙi, kuma idan sun karye mun san shagonsu.

Don haka muke roƙon a liƙa sanarwar kowane aiki a ofishin hedimasta, da kuɗinsa da sunan ɗan kwangila da ranar kammalawa, domin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani. Kada kuma a biya cikon kuɗin kwangila sai kwamitin makaranta da mai unguwa sun duba aikin sun sa hannu. Muna kuma neman a tantance malamai makaranta-makaranta, tunda albashi ne yake cin mafi yawan kuɗin, a kuma tura rarar malaman cikin gari zuwa ƙauyukan da malami ɗaya yake riƙe da azuzuwa da dama.

Muna fatan a kira mu zama a fada kafin a kammala kasafin kuɗin baɗi. Allah ya ja zamanin Hakimi.

Iyayen yara da kwamitocin makarantun gunduma