Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Cibiyar Lafiyar Yara Ta Banzazzau, Zariya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyayen yaran da suka daɗe suna fama da ciwon ciki, zawo mai tafiya ya dawo, kumburi da rama, mun rubuto ne mu gode wa likitoci, malaman jinya da ma'aikatan ɗakin gwaji na wannan cibiya ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Mun kawo godiyar bainar jama'a saboda abin da kuke koya mana zai amfani uwar da ko hanyar Banzazzau ba ta sani ba.

Babban abin da muke yaba muku shi ne yadda kuke tsayawa ku yi bayanin gwajin bayan gida kafin ku miƙa robar da ake zuba shi a ciki. Da yawa daga cikinmu a da sai mu ƙunso a kwalin ashana ko takarda, takardar ta shanye ruwan, sakamako ya fito babu komai alhali yaro na ta ramewa. Yanzu mun san ƙa'ida. Yaro ya yi a fo mai tsabta kuma busasshe, kada fitsari ko ruwa ya taɓa shi. A ɗeba da ɗan cokalin da ke jikin murfin robar, kamar cikin ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu, daga wurin da ake ganin majina ko jini. In jariri ne, a shimfiɗa leda mai tsabta a cikin famfas ɗin, domin famfas na tsotse ruwan da ake nema. Sannan a hanzarta: mai ruwa-ruwa ana so ya shiga madubin likita cikin minti 30, mai ɗan kauri cikin awa ɗaya, saboda amiba mai jawo atini ana gane ta ne da motsinta, kuma da kashin ya huce take daina motsi. Wanda zai taso daga Samaru ko Wusasa, ya fi masa sauƙi ya zo da yaron da fo ɗinsa.

Kun kuma fahimtar da mu dalilin cewa a kawo sau uku a ranaku daban-daban. Wasu sun ɗauka neman kuɗi ne. Ashe ƙwayar jiyadiya, mai sa kumburin ciki da zawo mai wari da maiƙo, ba kullum take fita a bayan gida ba, gwaji ɗaya na iya kuskure ta. Shi kuwa gwajin da ake renon ƙwayar cuta har ta tsiro, kwana biyu zuwa uku yake ɗauka, babu yadda za a gaggauta shi.

Tambayar da ba ku taɓa tsallakewa ita ce: “Me kuka ba shi a gida?” Uwa kan ji nauyi ta ce ba komai, alhali an sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Flagyl da Septrin daga kemis. Ba ku yi mana faɗa, sai ku ce a kawo kwalaben ku gani. Waɗannan magunguna na ɓoye ƙwayar cutar ba tare da sun kashe ta duka ba. In ana neman ƙwayar da ke jawo gyambon ciki, sai an yi mako huɗu ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, mako biyu kuma ba a sha maganin gyambon ciki irin omeprazole ba, in ba haka ba sakamakon ƙarya za a samu. Haka kuka nuna mana cewa gwajin jini na Widal guda ɗaya bai isa a ce yaro na da taifot ba. Allah kaɗai Ya san yaran da aka ɗura wa allurai a banza kan wannan takarda.

Ba ciki kaɗai kuke dubawa ba. Kuna ɗora yaro a sikeli, ku auna damtsensa da ɗan tef mai launi: tsakanin wata 6 da shekara 5, in ya gaza santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Kuna duba yawan jini, domin akwai tsutsar ciki mai shan jini, kuna kuma gwada sikila, wadda ita ma takan zo da ciwon ciki. Abin da ya fi ƙarfin cibiya, ku rubuta takarda zuwa babban asibitin koyarwa da ke Shika.

Kafin sakamako ya fito kuma ba ku barin uwa hannu rabbana. Ƙunshin ruwan gishiri da sukari mai lita ɗaya, ruwan leda biyu masu rabin lita ake zuba masa, a zubar da ragowar bayan awa 24. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100 duk bayan zawo, wanda ya haura haka 100 zuwa 200. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba cokali-cokali. Ƙwayar maganin zinc kuwa miligiram 20 kullum, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata 6, har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya tun ranar uku. Nan ne iyaye suka fi yin sakaci. Kada a cire nonon uwa. In madarar gwangwani ce ke ƙara zawon, hanjin ne bai gama warkewa ba, likita kan sa a rage ta na ɗan lokaci a koma kindirmo mai tsabta. Zawon da ya kai kwana 14 kuma ya wuce a ce haƙori ne.

Roƙonmu guda: a rubuta ƙa'idojin ɗebo bayan gida da boko da ajami, a manna a ƙofar ɗakin gwaji, domin kakannin da ake aikowa da robar.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya muku zuri'a.

Daga iyayen yara na Birnin Zariya, Tudun Wada da Sabon Gari.