Zuwa ga saurayin da ya tambaye ni ko ya gaya mata

Ɗana,

Ranar Juma'a da ka bugo waya gidan rediyo, lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, kuma maganarka ba ta bar raina ba. Ka ce mai babur ɗin da kake haya da shi a cikin Garwa ya karɓe abinsa, ga shi an sa ranar aurenku bayan Babbar Salla, yarinyar kuma ba ta sani ba. Ka ce: "Baba, in gaya mata in zube a idonta, ko in ciwo bashi in rufa wa kaina asiri?"

Ka gaya mata da bakinka, tun ba ta ji a bakin wani ba.

Na san abin da ke riƙe ka. Mun tashi ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Fulanin da muke zaune tare suna da semteende da munyal, wato kunya da haƙuri, mu ma a ƙwarya ɗaya muka sha. Halaye ne na kirki, amma ni na taɓa ajiye su inda ba wurinsu ba.

Ina saurayi ina fataucin albasa, in saya a nan in kai Ngaundere a ɗora wa jirgin ƙasa zuwa Yawunde. A can na ga wata yarinya, har manya suka shiga maganar aka kai gaisuwa. Wata shekara kaya suka yi kwanaki a hanya, albasa ta ruɓe, jarina ya tafi har da kuɗin mutane. Kunya ta hana ni zuwa zance. Na ce sai na farfaɗo tukuna. Wata huɗu ban je ba, ban aika ba. Ita kuwa ta ɗauka na fasa. Mahaifinta ya jira iya jiransa, ya ba wani. Bayan shekaru gwaggonta ta ce mini yarinyar ta daɗe tana cewa da ma ta san laifin da ta yi. Laifin da ta yi! Wannan kalma har yau tana sukata. Ban ce da ta sani za ta jira ni ba, Allah ne masani. Amma na yanke wa zuciyarta hukunci ban tambaye ta ba, na bar ta tana zargin kanta a kan abin da albasa ta jawo.

Kana tsoron ta ga rauninka. Ka tuna hadisin farkon wahayi da ke cikin Bukhari. Manzon Allah (SAW), yana ɗan shekara 40, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na kaɗawa, ya shiga wurin Nana Khadija yana cewa a lulluɓe shi, ya ce mata ya ji wa kansa tsoro. Ita ce ta kwantar masa da hankali, ta ce Allah ba zai taɓa tozarta shi ba, ta lissafo masa kyawawan halayensa. Wane namiji ne a Garwa ya kai shi mazantaka?

Batun bashi kuwa, ina roƙonka ka bari. A Risala mun karanta cewa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Akwatunan lefe da kayan biki mu muka ɗora wa kanmu, kuma manya sun san yadda ake ragewa ko a ɗaga rana in an gaya musu gaskiya da wuri. Wanda ya shiga ɗaki da bashin da amarya ba ta sani ba, kowace sallama aka yi a ƙofar gida gabansa sai ya faɗi, ita kuma tana gani.

Ba zan yi maka alkawarin za ta ce ta yarda ba. Tana iya yin shiru, iyayenta suna iya ja da baya, kuma zai yi ciwo. Kada ka je don ka gwada ta, kada kuma ka je neman tausayi. Ka faɗa mata abin da ya faru, da abin da ya rage a hannunka, da inda kake neman wani aikin, sannan ka yi shiru ka saurare ta. Washegari ka sa kawunka ya je ya sanar da waliyyinta.

Matar da nake tare da ita yanzu, ranar farko da na je zance na gaya mata ana bina bashi, har na faɗa mata nawa ne. Ta tambaye ni wata nawa zan yi in biya.

Ka bar mini saƙo a gidan rediyon in kun yi magana. Zan kuma tambaya maka a cikin kasuwa ko akwai mai babur da ke neman amintaccen matuƙi.

Naka,
Baban da ka yi wa tambaya